Ido, Awo da Alƙalami: Ƙwarewar da Ɗalibin Kimiyya Yake Bukata a Ƙasar Gumel

A cikin ɗaliban da ke shigowa jami'a kowace shekara, ba a rasa wanda zai karanto maka matakan rabuwar ƙwayar halitta daki-daki ba tare da tuntuɓe ba. Amma ka miƙa masa ganyen wake da ganyen gero, ka ce ya faɗi bambanci biyar da idonsa ya gani, sai ka ga ya ɗaga kai sama yana laluben abin da ya haddace, alhali amsar tana hannunsa. Ba ƙwaƙwalwa ya rasa ba. Shekara shida ya yi a sakandare ana ba shi amsoshi, ba a taɓa nuna masa yadda ake samo su ba.

Maƙasudin wannan darasi shi ne bayani a kan ƙwarewar da ake samo amsa da ita, wato lura, da awo, da gwaji, da ajiye bayani a rubuce. Za mu ɗauko misalanmu daga Gagarawa Tasha da maƙwabtanta, Gumel da Maigatari da Sule Tankarkar, a arewacin Jihar Jigawa. Dalili kuwa, yanki ne da daminarsa ba ta wuce wata uku zuwa huɗu, ƙasarsa jigawa ce mai yashi, kuma kuskure kaɗan wajen lokacin shuka ko zaɓen iri yana iya jawo wa gida yunwar shekara. Ita kanta Tasha ta samo sunanta ne daga hanyar jirgin ƙasa ta Kano zuwa Nguru, wadda aka kammala a 1930, kuma a zamanin cinikin gyaɗa sikeli da littafin akawu su ne ke riƙe da irin waɗannan tashoshi. Ashe awo da rubutu ba baƙi ba ne a garin.

Lura

Gani daban, lura daban. A shekarar 1983 wani malamin gona ɗan ƙasar Ostareliya mai suna Tony Rinaudo yana aikin dashen itatuwa a jihar Maraɗi ta Jamhuriyar Nijar, kuma yawancin abin da aka dasa mutuwa yake yi. Wata rana ya tsaya ya dubi ɗaya daga cikin ƙananan tsirran da ke warwatse a gonaki, waɗanda kowa ke sassabewa kafin shuka. Da ya duba siffar ganyen da kyau, sai ya gane ashe toho ne daga kututturen itacen da aka sare, wanda saiwarsa ke nan da rai a ƙarƙashin ƙasa. Idan aka rage tohon aka bar biyu ko uku masu ƙarfi, aka kare su, sai su zama itace cikin 'yan shekaru, domin tsohuwar saiwa ta riga ta kai inda danshi yake. Manoma suka karɓi dabarar suka inganta ta, har masu bincike suka ƙiyasta cewa ta farfaɗo da itatuwa kusan miliyan 200 a kan hekta miliyan 5 a kudancin Nijar. Dubban mutane sun ga waɗannan tsirrai kafin ranar.

Ana koyon lura kamar yadda ake koyon ɗinki, wato da yi. Hanya mafi sauƙi ita ce zane. Malam ya sa kowane ɗalibi ya zo da reshen itace ɗaya daga hanyarsa ta zuwa makaranta: aduwa, magarya, kalgo, sabara, dakwara ko gawo. A zana da fensir, da layi ɗaya tsaf, ba inuwa ba ado, a rubuta sunayen sassan a gefe, a kuma faɗi sau nawa zanen ya fi ainihin abin girma. Wanda zai zana ƙayar dakwara dole ya ƙidaya ta, kuma a nan ne zai gano cewa uku-uku take fitowa, ta tsakiya ta lanƙwaso ƙasa. Wannan alama ce da ake rarrabe itacen da ke ba da ƙaro mai daraja da sauran danginsa.

Awo

Manomi yakan ce an yi ruwa mai yawa jiya. Ɗalibin kimiyya sai ya tambaya: milimita nawa? Ba sai an jira gwamnati ta kawo ma'aunin ruwan sama ba. A samo gwangwani mai miƙaƙƙen jiki, a kafa shi a kan turke a fili, nesa da itace da rufin aji, bakinsa a daidaice. Kowace safiya, a lokaci guda, a juye abin da ya taru a auna shi da sirinji ko kofin awon magani.

Ga lissafin. A ce faɗin bakin gwangwanin santimita 10 ne. Rabin faɗin 5 ke nan, saboda haka filin bakin shi ne 5 sau 5 sau 22 bisa 7, wato kusan murabba'in santimita 78.5. Ruwan da zurfinsa ya kai milimita 1 a kan wannan fili zai ba da mililita 7.85. Idan ɗalibi ya auna ya sami mililita 157, sai ya raba da 7.85, ya sami milimita 20. To, mene ne milimita 20 a gona? Milimita 1 daidai take da lita 1 a kan kowane murabba'in mita. Hekta ɗaya murabba'in mita 10,000 ce. Ke nan ruwan daren jiya ya zuba lita 200,000 a hekta guda, wato jarka 8,000 mai cin lita 25. Yaron da ya taɓa ɗebo ruwa a rijiya ba zai manta da wannan adadi ba, kuma darasin da'ira da ya ƙi shiga kansa a ajin lissafi ya sami wurin zama.

Amfanin abin yana fitowa ne bayan an tara. Jimillar ruwan shekara ba ita kaɗai ke yanke hukunci a kan gero ba. Yadda ruwan ya rarrabu ma yana da nasa: shekara biyu na iya samun jimilla ɗaya, amma a ɗayar an yi kwana ashirin ba ruwa bayan shuka, tsiro ya ƙone, aka sake shuka. Sai littafin kullum-kullum ne zai nuna wannan.

Awo na biyu, wanda ya kamata a yi a watan Afrilu ko Mayu, shi ne gwada iri. A ƙidaya ƙwayar gero 100, a jera a kan tsumma mai danshi, a naɗe, a ajiye a inuwa ana yayyafa ruwa. Bayan kwana bakwai a ƙidaya waɗanda suka tsira. Idan 85 ne, irin na da kyau. Idan 40 ne, gara mai gona ya sani tun kafin ya zuba shi a rami. A yi tsumma huɗu a ɗauki matsakaicin adadi, kuma a ɗebo ƙwayar da ka, kada a zaɓi manya-manya, don wanda ya zaɓa kansa ya ruɗa.

Kada a raina ƙidaya. Gregor Mendel, wanda ɗalibai ke haddace dokokinsa na gado, malamin makarantar sakandare ne a garin Brno, a ƙasar Cek ta yau. Daga 1856 zuwa 1863 ya yi ta barbarar wani irin wake a lambu. Wasu kafinsa sun ga cewa siffar kakanni takan ɓace ta sake ɓullowa a jikoki, amma shi sai ya zauna ya ƙidaya: ƙwaya 5,474 masu sumul, 1,850 masu tamoji, wato kusan uku bisa ɗaya. Daga wannan adadi ya gano yadda gado ke tafiya. Ya buga sakamakon a 1866, duniya ba ta farga ba sai a 1900.

Gwaji: tambayar gawo

A nan nake so mu daɗe, domin nan ne tunanin kimiyya yake. Kowane manomi a ƙasar Gumel zai gaya maka cewa geron gindin gawo ya fi na fili kyau. Ya kuma san cewa gawo yana zubar da ganye da damina, ya yi sabo da rani, saɓanin sauran itatuwa. Maganarsa gaskiya ce, kuma bincike a ƙasashen Sahel da dama ya tabbatar da ita. Aikin ɗalibi shi ne ya tambayi dalili.

Aji mai rai zai kawo amsoshi da yawa. Wani zai ce ganyen da ya zuba ne ya zama taki, musamman da yake gawo dangin wake ne, saiwarsa tana ɗauke da ƙwayoyin bakteriya masu kamo sinadarin naitirojin daga iska. Wani zai ce dabbobi ne ke kwana a inuwarsa da rani suna cin 'ya'yansa, su bar kashi da fitsari. Wani zai ce 'yar inuwar rassan ce ke rage zafin yashi lokacin da tsiro yake ƙarami. Wannan ta ukun ba wasa ba ce: a 1992 masu bincike a cibiyar ICRISAT ta Sadore, kusa da Yamai, sun buga sakamakon da ya nuna cewa rage zafin ƙasa kaɗai yana taimakon geron. Idan aka yi sa'a kuma, wani yaro daga bayan aji zai juya tambayar gaba ɗaya, ya ce: Malam, ko dai gawon ne ya tsira a inda ƙasa take da kyau tun asali? Irin wannan yaro a riƙe shi da kyau. Ya gane cewa ganin abu biyu tare bai nuna wanne ya haifi wanne ba.

Yaya za a rarrabe? A ɗebo ƙasa daga gindin gawo, a ɗebo wata daga taku talatin nesa da shi a gona ɗaya, zurfi ɗaya. A zuba a tukwane ko ledoji masu girma ɗaya, biyar-biyar. A shuka iri ɗaya, rana ɗaya, a ba su ruwa daidai wa daida, a jera su a fili guda a cakuɗe, kada na gawo su taru a gefen da inuwar bango take. Duk mako a auna tsawon tsiro, a ƙidaya ganye. Idan na ƙasar gawo sun ci gaba da yin fice alhali babu inuwa, to akwai wani abu a cikin ƙasar. Idan bambancin ya ragu ƙwarai, to inuwa na da babban rabo. Ƙa'idar ita ce a sauya abu ɗaya tak, a bar sauran yadda suke. Me ya sa tukwane biyar? Domin tukunya ɗaya tana iya samun gara ko mugun iri, ta ba da labarin ƙarya.

A lura cewa gwajin bai raba tsakanin takin ganye da kashin dabbobi ba, bai kuma amsa tambayar yaron bayan aji ba. Faɗin iyakar abin da gwaji ya nuna, ba tare da ƙari ba, yana cikin aikin. Sauran tambayoyin sai ajin baɗi ya ɗauka.

Littafi, da abin da ya rataya a wuyan malam

Duk abin da ba a rubuta ba a ranar da aka gan shi, to ya zama labari. Kowane shafi ya ɗauki kwanan wata, da wuri, da sunan wanda ya auna. Ranar da ba a yi ruwa ba a rubuta sifiri. Ranar da aka manta ba a duba ba a ja layi a rubuta cewa ba a auna ba. Waɗannan biyun ba ɗaya ba ne, kuma cike gurbi da adadin ƙirƙira shi ne babban laifi a kimiyya. Ni a ganina malamin da ya hukunta ɗalibi don sakamakonsa bai yi daidai da na littafin karatu ba, ƙarya yake koya masa ba tare da ya sani ba. Abin da ya dace shi ne a zauna tare a binciki inda bambancin ya fito.

Irin wannan littafi daraja yake ƙarawa da tsufa. Michael Mortimore, masanin labarin ƙasa da ya koyar a Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya da Jami'ar Bayero ta Kano, ya yi shekaru yana komawa ƙauyen Dagaceri a arewa maso gabashin Jigawa ta yau, tun bayan farin farkon shekarun 1970, yana rubuta yadda mutane ke jure wa fari. Littafin da ya fitar a 1989 har yanzu ana karanta shi a jami'o'in duniya. Makarantar da ta riƙe littafin ruwan sama na shekara goma tana da abin da malamin gona na ƙaramar hukuma zai zo nema.

Bayan makaranta, wannan ƙwarewa ce ake ci da ita. Mai sayen riɗi ko zoɓo don kai wa 'yan kasuwar waje yana bukatar sanin nauyin tiya, da yawan dattin da ke cikin buhu, da ko kayan sun bushe. Mai kiwon da zai kai rago kasuwar Maigatari ranar Alhamis, in ya rubuta abin da ya kashe a dusa da harawa da magani, shi ne zai san ko ya ci riba. Ma'aikaciyar asibiti da ke auna zafin jikin yaro ta rubuta, aikin nan ne dai take yi. Haka kuma idan saƙo ya shigo waya ta WhatsApp cewa wani sabon taki yana ninka amfanin gona, wanda ya yi gwajin gawo zai tambaya: da me aka kwatanta shi, kuma a gona nawa? Sai dai ɗalibi ya koyi mayar da sakamakonsa cikin Hausa mai sauƙi da ladabi. Idan irin gidansu ya ba da 40 cikin 100, ya kai wa mahaifinsa tsumman ya ce, "Baba, ga abin da ya fito, ko za ku duba?" Ya kuma saurari abin da dattijon zai ce, domin shi ya san rumbun da irin ya kwana.

Akwai matsala ɗaya da ya kamata malam ya shirya mata tun da wuri. Dogon hutu yana faɗowa ne a watan Agusta, lokacin da ruwa ya fi sauka kuma gero yake fitar da kai. Idan aka rufe makaranta aka bar gwangwani, an rasa zuciyar damina. Kafin a tashi hutu, a zaɓi ɗalibai huɗu ko biyar da ke zaune kusa, a raba musu makonni a rubuce, a sanar da iyayensu da maigadin makaranta, a kuma kafa gwangwani na biyu a gidan ɗaya daga cikinsu don a riƙa kwatantawa. Littafin kuwa na makaranta ne: ranar da aka dawo a karanta wa aji jimillar watan, shugaban makaranta ya sa hannu, a mayar da shi ofis.