Zafin Afrilu a Lissafin Tukunyar Amin

Tun da matatar mai ta Djermaya, wadda ke kimanin kilomita 40 arewa da N'Djamena, ta fara aiki a 2011 da ƙarfin tace ganga 20,000 a rana, tsabtace iskar gas ya zama ilimin da injiniyoyin Chadi ke buƙata, kuma buƙatar za ta ƙaru idan aka ci moriyar gas ɗin Sédigui da ke Kanem. Duk inda gas ya ƙunshi haidurojin salfaid, iskar nan mai warin ruɓaɓɓen ƙwai da ke kisa, ko kabon dayoksaid, akan wanke shi da ruwan amin, wato sinadarin da ke kama waɗannan iskoki masu tsami yana da sanyi ya sake su idan ya tafasa, hanyar da R. R. Bottoms ya yi wa rajista a Amurka a 1930. Kamun yana faruwa ne a hasumiyar tsotsa, sakin kuwa a hasumiyar sabuntawa, wadda tukunyar ɗumama ke ba ta tururi daga ƙasa.

Lissafi yana farawa daga yawan ruwan da zai riƙa zagayawa, domin shi ke yanke girman tukunyar. Mita kubik ɗaya ta ruwan MDEA, wani nau'in amin, mai ƙarfin kashi 45 cikin ɗari tana ɗauke da kusan kilomol 3.9 na amin, saboda haka idan kowane mol zai kama 0.4 na iska mai tsami, kilomol 100 na iskar a awa zai buƙaci mita kubik 64, amma idan kamun ya sauka zuwa 0.3, buƙatar ta haura 85. Zafin da tukunyar ke bayarwa kuwa kashi uku ne: na ɗumama ruwan zuwa wajen digiri 120, na raba amin da iskar da ya kama, sai na tururin da ke kore iskar zuwa saman hasumiya. Bisa ƙiyasin da masu aiki suka saba da shi, na kilo 120 na tururi ga kowace mita kubik, wannan ƙarin zagayawa yana ɗaga tururi daga kusan tan 7.7 zuwa fiye da tan 10 a awa.

A nan ne yanayin Sahel ke shigowa, kuma nan ne zanen da aka yi wa ƙasashe masu sanyi ya fi yaudarar mai lissafi. A Afrilu zafin rana a N'Djamena yakan wuce digiri 40, kuma fanka mai sanyaya amin da iska ba ta iya mayar da shi ƙasa da zafin iskar, sai dai ta bar shi da kusan digiri 10 a sama, balle idan ƙurar hunturu ta riga ta toshe fikafikan bututun. Amin mai ɗumi ba ya kama da yawa, sai mai kula da na'ura ya ƙara gudun famfo, abin da ke kama da dabara alhali tukunyar da ba a auna ta da wannan nauyi ba, za ta mayar da ruwan tun bai gama sakin iskarsa ba. Ƙara zafin tururi ma ba mafita ba ce, domin idan ya wuce digiri 150 amin yakan lalace a jikin bututu, tsatsa da kumfa su biyo baya. Shi ya sa ya kamata a auna famfo, fanka da tukunya tare, bisa zafin azahar ta Afrilu, a kuma sa wanke fikafikai cikin jadawalin Maris.