Darasin Lissafi: Matiriks da Yadda Ake Aiki da Shi

'Yan'uwa, duk wanda ya taɓa riƙe littafin ƙungiya ya san yadda ake ja layi a tsaye da layi a kwance, a rubuta sunaye a gefe, a rubuta kaya a sama, sannan a cika lambobi a tsakiya. Ma'aji yana yin haka, mai shago yana yin haka, malamin asibiti ma haka. Wannan tsari yana da suna a lissafi, ana kiransa matiriks. Yaranmu na babbar sakandare suna haɗuwa da shi a aji, yana kuma fitowa a jarrabawar WAEC da NECO. Yaron da ke son karanta kimiyya, injiniyanci ko aikin akanta ba zai samu gurbi a jami'a ba sai ya ci lissafi da kyau. Don haka wannan darasi na ɗalibai ne, na iyayen da ke taimaka masu da dare, da kuma masu riƙe da littafin kuɗi da na rumbu. A nemi takarda da biro, a bi mu sannu a hankali.

MENENE MATIRIKS?

Matiriks jadawali ne na lambobi da aka jera layi-layi, aka kewaye su da baka biyu. Yana da layukan kwance, yana da layukan tsaye. Wurin da kowace lamba ta zauna za mu kira shi gurbi, kamar gurbin shuka a kan kunya.

Ga misali. A ce ƙungiyar manoma tana da rassa biyu, Unguwar Tudu da Unguwar Fadama. A watan Oktoba Tudu ta kawo rumbu buhu 12 na masara, 8 na dawa, 3 na wake. Fadama ta kawo 15 na masara, 4 na dawa, 5 na wake. Sunayen da lambobin duka na misali ne. Za mu rubuta su haka, mu kira jadawalin A:

A =
[ 12  8  3 ]
[ 15  4  5 ]

Layin kwance na farko na Tudu ne, na biyu na Fadama. Layin tsaye na farko masara ne, na biyu dawa, na uku wake. Idan aka tambaye ka buhun waken Fadama, sai ka sauko layin kwance na biyu, ka tafi layin tsaye na uku, ka samu 5.

Girman matiriks shi ne yawan layukansa. Kullum ana fara faɗin na kwance, sannan na tsaye. A yana da kwance 2 da tsaye 3, sai a ce girmansa 2 × 3 ne. A kula, 2 × 3 daban yake da 3 × 2. Idan yawan layukan kwance da na tsaye ɗaya ne, kamar 2 × 2 ko 3 × 3, ana ce masa murabba'i. Jadawali biyu kuma ba sa zama daidai sai girmansu ɗaya ne, kuma lambar kowane gurbi ta yi daidai da ta gurbin ɗan'uwansa.

DAGA INA YA SAMO ASALI?

Wannan dabara ta tsufa. A ƙasar Sin akwai wani littafin lissafi mai babi tara da aka haɗa kimanin shekara 2,000 da suka wuce, a zamanin daular Han. A babi na takwas an nuna yadda ake jera lambobi layi-layi da 'yan sanduna a kan allo domin a gano abubuwa da yawa da ba a sani ba lokaci guda. Tambayar farko a babin ta manoma ce: dammunan hatsi iri uku, mai kyau, matsakaici da na baya, da abin da kowane dami zai bayar idan an sussuka.

Sunan kansa ya zo daga baya. Wani masanin lissafi na Ingila, James Joseph Sylvester, shi ya fara amfani da kalmar a 1850. Ya ɗauko ta daga Latin, inda take da ma'anar mahaifa. Abokinsa Arthur Cayley ya wallafa rubutu a 1858 inda ya tsara dokokin tarawa da ninkawa da ake koyarwa a makarantu har yau. A zamaninmu kuwa, hoton da ke cikin wayar hannu jadawali ne na lambobi, kowace lamba tana nuna haske ko launin ɗigo ɗaya.

TARAWA

A watan Nuwamba rassan biyu suka sake kawo hatsi. Mu kira wannan B:

B =
[ 6  10  2 ]
[ 9   7  4 ]

Muna so mu san abin da ke cikin rumbu bayan watannin biyu. Dokar mai sauƙi ce: a tara lambar kowane gurbi da lambar gurbi irinsa. Masarar Tudu da masarar Tudu, 12 da 6 sun zama 18. Dawar Tudu, 8 da 10 sun zama 18. Waken Tudu, 3 da 2 sun zama 5. Haka za a yi wa Fadama: 15 da 9 sun zama 24, 4 da 7 sun zama 11, 5 da 4 sun zama 9.

A + B =
[ 18  18  5 ]
[ 24  11  9 ]

Sharaɗin tarawa ɗaya ne, dole girman jadawalin biyu ya zama ɗaya. Ba a tara 2 × 3 da 2 × 2, domin wasu gurabe za su rasa abokan tarawa. Akwai kuma abin lura ga ma'aji. Idan a Oktoba ka sa dawa a layi na biyu, a Nuwamba kuma ka sa wake a wurin, za ka tara dawa da wake ba ka sani ba, lissafin kuma zai yi kama da daidai. Da yawa daga cikin rigimun da ke tashi a taron ƙungiya daga irin wannan suke farawa. Tsarin da aka fara da shi, a riƙe shi har ƙarshen shekara.

ƊEBEWA

Ɗebewa tana bin hanya ɗaya. A ce da damina ta yi nisa, abinci ya yi ƙaranci a gidaje, aka ba mambobi rance daga rumbu. Mu kira abin da aka fitar C:

C =
[ 14  15  5 ]
[ 20  11  6 ]

A ɗebe kowane gurbi na C daga gurbinsa a cikin jimlar da muka samu. Tudu: 18 ban da 14 saura 4, 18 ban da 15 saura 3, 5 ban da 5 saura 0. Fadama: 24 ban da 20 saura 4, 11 ban da 11 saura 0, 9 ban da 6 saura 3.

Saura =
[ 4  3  0 ]
[ 4  0  3 ]

Kada a bar gurbi fayau don kaya sun ƙare. A rubuta 0. Sifiri yana gaya mana cewa an duba, babu kome. Gurbin da aka bari babu rubutu yana iya sa wani ya zaci an manta ne, ko ya cika shi da abin da ya ga dama.

NINKAWA DA LAMBA GUDA

A ce ƙungiya ta yanke shawara cewa baɗi kowane reshe zai kawo ninki biyu na abin da ya kawo bana. Sai a ninka kowace lamba da ke cikin jadawalin sau 2, ba tare da an tsallake ko ɗaya ba.

2 × (A + B) =
[ 36  36  10 ]
[ 48  22  18 ]

Haka nan idan kowane buhu kilo 100 ne, kuma ana son nauyin hatsin, a ninka kowane gurbi sau 100. Masarar Tudu za ta zama kilo 1,800, waken Fadama kilo 900. Kuskuren da ɗalibai suka fi yi a nan shi ne su ninka layin farko kawai su manta da na ƙasa.

NINKA JADAWALI DA JADAWALI

Nan ne ake bukatar natsuwa, domin dokar ta sha bamban da ta tarawa. Mu fara da tambayar da kowa ya iya amsawa: nawa ne kuɗin hatsin Tudu? A ce da kaka buhun masara naira dubu 40 ne, dawa dubu 45, wake dubu 90. Wannan farashin misali ne, kowa ya sa na kasuwarsu. Mu rubuta shi a tsaye, a bisa tsarin da muka saba, masara, dawa, wake:

F =
[ 40 ]
[ 45 ]
[ 90 ]

Yadda mai shago zai yi, haka za mu yi. A ɗauki layin kwance na Tudu, a haɗa shi da layin tsaye na farashi, na farko da na farko, na biyu da na biyu, na uku da na uku, a ninka, sannan a tara.

Tudu: 18 × 40 = 720, 18 × 45 = 810, 5 × 90 = 450. Jimla 1,980, wato naira 1,980,000.
Fadama: 24 × 40 = 960, 11 × 45 = 495, 9 × 90 = 810. Jimla 2,265, wato naira 2,265,000.

Ninkawar matiriks ke nan: kwance na farko ya sadu da tsaye na biyu. Yanzu mu ƙara layin tsaye na biyu ga farashi. A ce da damina masara ta kai dubu 55, dawa dubu 60, wake dubu 120.

G =
[ 40   55 ]
[ 45   60 ]
[ 90  120 ]

Layin kaka mun riga mun yi shi. Ga na damina.

Tudu: 18 × 55 = 990, 18 × 60 = 1,080, 5 × 120 = 600. Jimla 2,670.
Fadama: 24 × 55 = 1,320, 11 × 60 = 660, 9 × 120 = 1,080. Jimla 3,060.

(A + B) × G =
[ 1,980  2,670 ]
[ 2,265  3,060 ]

Lambobi huɗu sun ba da labari duka. A wannan misali, idan Tudu ta sayar da kaka ta rasa naira 690,000 da za ta samu da ta jira, Fadama kuma naira 795,000. Amma kafin ƙungiya ta yanke shawara, a cire kuɗin buhuna, maganin ƙwari da gyaran rumbu, a kuma tuna cewa wata shekara farashi ba ya tashi, har yakan faɗi. Amfanin jadawalin shi ne ana iya sauya farashin a sake lissafi cikin mintuna kaɗan, kowa yana gani.

Ga sharaɗin ninkawa: yawan layukan tsaye na jadawalin farko dole ya yi daidai da yawan layukan kwance na na biyu. Hatsi iri uku ne, farashi ma dole uku. Hanyar tunawa ita ce a rubuta girman biyun kusa da juna: 2 × 3 da 3 × 2. Idan lambobin tsakiya sun zo ɗaya, 3 da 3, ninkawa za ta yiwu. Lambobin gefe kuma, 2 da 2, su ne girman amsar.

WANDA YA ZO FARKO YANA DA MUHIMMANCI

Tun firamare mun san cewa 3 sau 4 da 4 sau 3 abu ɗaya ne. A matiriks yawanci ba haka ba ne. Mu gwada da waɗannan:

P =
[ 1  2 ]
[ 3  4 ]

Q =
[ 0  1 ]
[ 1  0 ]

Idan P ne a gaba, layin kwance 1, 2 zai sadu da tsaye 0, 1 ya ba da 2, ya sadu da tsaye 1, 0 ya ba da 1. Layin 3, 4 zai ba da 4 da 3.

P × Q =
[ 2  1 ]
[ 4  3 ]

Idan Q ne a gaba, amsar ta sauya:

Q × P =
[ 3  4 ]
[ 1  2 ]

A na farko layukan tsaye na P ne suka yi musaya, a na biyu kuma layukan kwance. Don haka ɗalibi ya karanta tambaya da kyau. Idan an ce PQ, kada ya yi QP. A tarawa kuwa babu wannan damuwa, A + B da B + A amsarsu ɗaya.

Akwai kuma jadawali murabba'i da ke aiki kamar lamba 1. Yana da 1 a gurabe daga kusurwar sama ta hagu zuwa kusurwar ƙasa ta dama, sauran duka 0. A girman 2 × 2, layinsa na farko 1, 0 ne, na biyu 0, 1. Duk jadawalin 2 × 2 da aka ninka da shi, ta gaba ko ta baya, yana dawowa yadda yake. A gwada shi da P a gani.

AIKI DON GWAJI

Ƙungiyoyin mata biyu suna sayar da sabulu da man gyaɗa. A makon farko ta ɗaya ta sayar da sabulu 20 da kwalbar mai 6, ta biyu sabulu 14 da kwalba 9. A mako na biyu ta ɗaya ta sayar da 15 da 4, ta biyu 18 da 5.

1. Rubuta cinikin kowane mako a jadawali. Menene girmansa?
2. Tara makonnin biyu.
3. Idan sabulu naira 300 ne, kwalbar mai naira 2,000, nawa kowace ƙungiya ta samu?
4. Za a iya ninka jadawali mai girman 2 × 3 da wani mai girman 2 × 3? Me ya sa?

A yi aikin tukuna kafin a duba amsa. Na ɗaya, 2 × 2. Na biyu, layin farko 35, 10, layi na biyu 32, 14. Na uku, ta ɗaya naira 30,500, ta biyu naira 37,600. Na huɗu, ba za a iya ba, domin lambobin tsakiya 3 da 2 ne, ba su zo ɗaya ba.

Muna ba da shawara ɗalibai su zauna biyu-biyu ko uku-uku su yi waɗannan tare, ɗaya yana lissafi, ɗaya yana dubawa. Ma'aji kuma zai iya kawo shafi ɗaya na littafinsa, ya ba yaran SS 3 su mayar da shi jadawali su tara. Yaran za su samu horo da lambobi na gaske, littafin ƙungiya kuma zai samu masu duba shi kafin taron ƙarshen wata.