Ba Kowace Rama Ce Ta Wahalar Aiki Ba

Kowace shekara, ranar 24 ga watan Maris, hukumomin lafiya kan fito yekuwa a kan tarin fuka, wato tibi. Wannan takarda ta 'yan'uwanmu ce masu ci da guminsu: 'yan dako na kasuwannin Dawanau da Singa, da leburorin gini, da 'yan ga-ruwa, da masu faskare, da manoma.

Likitoci suna auna ƙarfin da abinci ke bai wa jiki da ma'aunin da ake kira kalori. Magidanci mai aikin zama yakan ƙona wajen 2,000 zuwa 2,500 a yini. Wanda ya wuni yana saɓa buhun siminti mai kilo 50, ko yana tura kura cike da jarkoki, yakan ƙona 3,000, wani har ya doshi 4,000. Shi ya sa sabon lebura kan zube a makonnin farko. Amma Allah ya tsara jiki da hikima: aiki ya ƙaru, yunwa ta ƙaru, mai cin malmala ɗaya ya koma biyu, sai nauyi ya tsaya cik. Manomi ma yakan faɗa da damina, kaka na yi ya murmure.

Jiki kamar rumbu yake. Abinci shi ne hatsin da ake zubawa, aiki shi ne awon da ake ɗiba, kitse kuwa shi ne rarar da aka ajiye don ranar babu. In ɗiba ta fi zubi, rumbu ya ja baya, wannan kowa ya sani. To amma in maigida ya ga awon yau shi ne na jiya, bai yi biki ba, bai yi baƙi ba, ga hatsi kullum sai ƙasa yake yi, ai ba zai ce iyali ne suka cika ci ba. Sauka zai yi ya leƙa gindin rumbu, don ya san gara ta shiga.

Nan ne gizo ke saƙa. Mutum ya shekara goma yana dako, jikinsa na nan yadda yake, sai ka ga wando ya fara zamewa, ya ƙara huda ɗamara, ƙashin wuya ya fito. A tambaye shi, ya ce, "Wahala ce kawai." Yana tari, ya ce ƙurar hatsi ce. Yana zufa da dare har tabarma ta jiƙe, ya ce zafin gari ne. Haba malam! Aikin da bai ramar da kai bara ba, me zai sa ya ramar da kai bana? Ƙa'idar likitoci ita ce, mai kilo 60 in ya rasa kilo 3 cikin wata shida ba da niyya ba, asibiti ya kama shi. In kuwa da tarin da ya kai mako biyu, kada a ƙara kwana, don yana iya zama tibi. Gwajin kaki kyauta ne a cibiyoyin tibi na gwamnati, magani ma kyauta, ana shan sa wata shida ba fashi, kuma ana warkewa. Wanda ya ƙi zuwa, ya koma ɗakin da mutum takwas ke kwana yana fesa musu tari, ya sani ya ɗauki alhakin bayin Allah. Jiki amana ne, addini kuwa ya hore mu da neman magani. Sakaci ba tawakkali ba ne.

Sauran shawarwari a taƙaice: rama tare da yawan ƙishirwa da fitsari, a gwada suga. A sha ruwa tun kafin ƙishi ya kama, don kare ƙoda. A wajen abinci, a haɗa da wake da gyaɗa, ba gari da suga kaɗai ba. A guji tiramadol, ɓoye gajiya take yi, ba ta ƙara ƙarfi. Wanda ya bar dako ya koma tsaron shago ya rage loma, in ba haka ba teɓa na tafe.

Sarkin 'yan dako da shugabannin leburori, ku sa ido a kan yaranku. Allah ya ba mu lafiya mai amfani, amin.