Na'ura Mai Tafinta: Yadda Umarni Ke Fara Aiki Nan Take

Gabatarwa

Duk ɗalibin harshe ya san bambancin mai fassara da tafinta. Mai fassara yana kammala aikinsa kafin ya miƙa wa mai karatu, shi kuwa tafinta a wurin da ake maganar yake juya ta. Wannan maƙala za ta yi amfani da bambancin nan wajen bayyana yadda wasu ƙananan na'urori ke aiwatar da umarni da zarar an ɗora musu shi.

Mece ce Maikirokontirola?

Maikirokontirola 'yar ƙaramar kwamfuta ce da aka dunƙule a gutsure ɗaya, wadda ke sarrafa abubuwa irin su fitila, injin wanki da ma'aunin zafi. Ba ta jin harshen mutane sai na lambobi. A allunan Arduino, waɗanda suka ɓullo a Italiya a 2005, sai babbar kwamfuta ta fassara umarnin gaba ɗaya zuwa harshen na'ura kafin a tura shi. Ko harafi ɗaya aka sauya, sai an sake fassarawa.

Zuwan Tafinta

A 2013 Damien George, masanin kimiyyar lissafi ɗan Ostareliya, ya ƙaddamar da MicroPython, wato harshen Python da aka rage masa nauyi domin ƙananan na'urori. A 2017 kamfanin Adafruit na Amurka ya tsiro da CircuitPython daga cikinsa. A nan tafintan yana zaune ne a cikin na'urar kanta. Misali, allon Raspberry Pi Pico na 2021 yana ɗaukarsa, duk da cewa ƙwaƙwalwarsa ta aiki kilobait 264 ce kacal.

Yadda Abin Ke Gudana

Idan aka jona allo mai CircuitPython da kwamfuta ta USB, yana bayyana tamkar filasha mai suna CIRCUITPY. A cikinta akwai fayil mai suna code.py. Da zarar an yi rubutu a fayil ɗin an adana, na'urar za ta lura an taɓa ma'ajiyarta, ta tsayar da tsohon umarni, ta mayar da sabon zuwa wasu gajerun alamomi, ta shiga bin su tun daga layin farko. A MicroPython kuwa fayil ɗin main.py ne, kuma yana fara aiki duk lokacin da aka sake tayar da na'urar.

Abin Lura

Saurin nan yana da hatsari. Na'urar ba ta neman izini, don haka idan akwai injin da aka haɗa mata, zai iya tashi hannun mutum na kansa. A cire shi kafin a adana. Haka kuma zare wayar kafin adanawa ta kammala yakan lalata fayil. Sannan wasu kurakuran ba sa bayyana sai aiki ya iso layinsu. Bugu da ƙari, tafinta bai kai fassararren umarni gudu ba.

Kammalawa

Daga bayanan da suka gabata, za a fahimci cewa Python ma yana da ƙa'idojin rubutu. Kamar yadda baki da baƙi suka sha bamban a Hausa, haka babban harafi da ƙarami, ko tazarar farkon layi, ke sauya ma'anar umarni. Saboda haka ɗalibin da ya naƙalci ƙa'idojin rubutun Hausa yana da tubalin fara koyon wannan fanni.