DARASI: ƘWARI MASU FARAUTA A BAKIN GONA

Ya ku ƴan'uwa, darasinmu na wannan mako ya shafi wasu ƙananan halittu da muke wucewa kullum ba mu kula da su ba. Idan damina ta yi nisa, tafasa da rai-ɗore suka fidda fure a bakin gona, to duk wanda ya zauna ya natsu zai ga farauta tana gudana a gabansa.

Na farko, ƙoƙi-ƙoƙi. Yakan lafe a jikin ganye, launinsa ya saje da shi, ƙafafunsa na gaba a naɗe, masu ƙayoyi kamar zarto. Ba ya bin abin farauta, jira yake yi. Da ƙuda ko fara ta matso, sai ya cafke ta cikin ƙiftawar ido.

Na biyu, zanzaro. Yakan harbi tsutsa, dafinsa ya sandarar da ita ba tare da ta mutu ba. Sa'an nan ya kai ta ɗakinsa na laka, ya yi ƙwai a ciki, ya toshe. Idan ƙwan ya ƙyanƙyashe, ɗan ya tarar da abinci bai ruɓe ba.

Na uku, ɗan ƙwaron nan ja mai ɗigon baƙi. Abincinsa darɓa ce mai tsotse ruwan ganyen wake, kuma yakan ci gommai a wuni guda.

To, mene ne amfanin sanin wannan? Shi ne mu gane cewa ba kowane ƙwaro ne maƙiyin manomi ba. Masu bincike na INRAN a Maraɗi sun yi aiki da wani ɗan zanzaro ƙarami ƙwarai, wanda ke harbin tsutsar da ke cin zangarniyar hatsi, ya yi ƙwai a jikinta, ƴaƴansa su cinye ta. Ana kiwonsa, a sake shi cikin gonaki daga ƴan buhunan algarara.

Saboda haka muna jan hankalinku: wanda ya fesa magani barkatai, ya kashe ɓarawo tare da mai gadi, kuma sau da yawa maɓarnatan sun fi saurin dawowa. Mu duba gona tukuna, mu nemi shawarar malaman gona, kada mu yi feshi sai da larura. Mu kuma kai yaranmu bakin gona su koyi bambancewa.

Allah ya ba mu damina mai albarka. Wassalamu alaikum.