Tarihin Gasar Motoci Mai Dogon Zango a Kan Hanyoyin Karkara

Gabatarwa

Gasar motoci mai dogon zango ta sha bamban da tseren da ake yi a fili guda, inda motoci ke kewaya shimfiɗaɗɗen titi. A nan, ana tashi ne daga wani gari a nufi wani mai nisa, a kwashe kwanaki ana ratsa hanyoyin burji da taɓo da rairayi. Wannan darasi zai bi tarihin gasar, tare da nuna cewa sanin hanya da juriya su ne suka fi kawo nasara a cikinta.

Yadda Ake Gudanar da Gasar

Galibi mutum biyu ne ke cikin kowace mota, wato direba da jagora. Aikin jagora ya yi kama da na jagaban ayari a zamanin fatauci. Yana riƙe da littafin hanya, wanda ke nuna nisan da ke tsakanin wata alama da wata, da wurin da za a karya kwana, da inda ake da rami ko kwazazzabo. Ana raba tafiyar zango-zango, kuma akwai tashoshin da ake rubuta lokacin isowar kowace mota. Wanda ya makara ko ya tsallake tasha, za a ci shi tarar lokaci ko ta maki. Saboda haka, kuskure ɗaya na jagora yana iya rushe wahalar kwana da kwanaki.

Asalin Gasar

A shekarar 1907 wata jaridar Faransa mai suna Le Matin ta ƙalubalanci masu motoci da su tuƙa daga birnin Pekin na ƙasar Sin zuwa Faris. Motoci biyar ne suka tashi ranar 10 ga Yuni. A lokacin babu tituna a mafi yawan hanyar, sai da aka riƙa kai man fetur gaba a kan raƙuma, matafiyan kuma suka bi turakun wayar tangarahu don kada su ɓata a hamadar Gobi. Wani basarake ɗan Italiya, Scipione Borghese, shi ya fara isa Faris ranar 10 ga Agusta, bayan tafiyar kusan kilomita 15,000. A shekarar 1911 kuma aka fara gasar Monte Carlo a Turai, inda motoci ke tasowa daga birane daban-daban su haɗu a Monako.

Gasar Safari ta Gabashin Afirka

An ƙirƙiro gasar Safari a shekarar 1953 domin bikin naɗin Sarauniya Elizabeth ta Biyu, kuma ta riƙa ratsa Kenya da Uganda da Tanganyika. Ana yin ta a farkon damina, lokacin da hanyar da ke tada ƙura da safe kan iya zama taɓo da yamma. A shekarar 1963, daga cikin motoci 84 da suka tashi, bakwai ne kawai suka kammala.

Abin lura shi ne, an yi kusan shekara ashirin babu direban da ya zo daga wajen yankin ya ci gasar, duk da ƙwarewar Turawa da dukiyar kamfanoninsu. Mazauna yankin sun san rafin da ke cika da wuri, sun kuma san lokacin da ya kamata a sassauta don kada mota ta karye. Hausawa kan ce sauri ya haifi nawa. Sai a 1972 Hannu Mikkola na ƙasar Finland ya karya wannan lago. Joginder Singh na Kenya ya ci gasar sau uku, Shekhar Mehta kuma sau biyar.

Gasar Faris zuwa Dakar

A shekarar 1977 wani Bafaranshe mai suna Thierry Sabine ya ɓata a Sahara a kan babur, yayin wata gasa daga Abijan zuwa Nis. Bayan an ceto shi, sai ya shirya sabuwar gasa, wadda ta tashi daga Faris ranar 26 ga Disambar 1978 da motoci da babura 182. Guda 74 ne suka isa Dakar. Hanyar ta bi ta Aljeriya da Nijar da Mali, kuma Agadas da hamadar Tenere sun zama sanannun zangunanta. A cikin rairayi babu alamar hanya, don haka kamfas da littafin hanya su ne idon matafiyi. A 1982 Mark Thatcher, ɗan firayim ministar Birtaniya ta lokacin, ya yi kwana shida a ɓace kafin a gano shi.

Gasar ta ci rayuka da dama. Sabine da kansa ya rasu a haɗarin jirgi mai saukar ungulu a Mali a 1986. Haka kuma, motocin sun sha kaɗe mutanen ƙauyuka, har da yara, waɗanda ba su shiga gasar ba, hanyarsu ta zuwa rijiya da kasuwa kawai aka bi. Wannan ya jawo wa masu shirya ta suka mai yawa. An soke gasar 2008 saboda barazanar tsaro a Muritaniya, aka mayar da ita Kudancin Amurka daga 2009 zuwa 2019, sannan ta koma Saudiyya a 2020.

Kammalawa

Tarihin wannan gasa ya nuna cewa ƙarfin inji bai isa ya kai mota zango ba, sai an haɗa da sanin ƙasa da haƙuri da kuma fahimtar juna tsakanin direba da jagora. Malami zai iya amfani da wannan bayani wajen koyar da karatun taswira, da rubutun labarin tafiya, da kuma muhawara a aji.

Auna Fahimta

1. Bayyana aikin jagora, sannan ka kwatanta shi da na jagaban ayari.
2. Me ya sa baƙi suka daɗe ba su ci gasar Safari ba?
3. Tattauna haƙƙin mutanen ƙauyukan da irin wannan gasa ke ratsawa.