Kimiyya a Cikin Ƙwarya: Me Ke Sa Ƙullun Masar Sallah Ya Tashi?

Gabatarwa

A jajibirin Sallah, gidajen Lafagu, cikin Ƙaramar Hukumar Bagudo ta Jihar Kebbi, kusa da iyakar Jamhuriyar Benin, ba sa kwanciya da wuri. Tun da rana an jiƙa shinkafa, yara sun kai niƙa, uwargida ta haɗa ƙullu ta rufe. Da asuba za a ɗora tanda a toya masar da za a raba wa dangi da maƙwabta. Sai dai wata shekarar ƙullun ya tashi daidai, wata kuwa a tarar ya yi tsami har ya zubo. Ga shinkafa iri ɗaya, ga hannu ɗaya. To, daga ina bambancin ya fito?

Ƙullu Abu Ne Mai Rai

Yis ɗin da ake zuba wa ƙullu tarin ƙwayoyin halitta ne da ido ba ya iya ganinsu ɗaya-ɗaya. Suna cin sukarin da ke cikin ƙullun, su fitar da iskar kabon dayoksaid. Iskar nan ce ke maƙalewa a ciki ta kumbura shi. Dafaffiyar shinkafar da ake haɗawa da ɗanya ita ke ba ƙullun danƙon riƙe iskar. A kan tanda, zafi kan ƙara buɗa iskar, ƙullun ya daskare a kewayenta. Su ne 'yan ramukan da ake gani idan an gutsiri masa.

Ban da yis, akwai bakteriya waɗanda su ma ke cin sukarin, amma su asid suke fitarwa, irin wanda ke sa nono tsami. Masanin kimiyyar nan na Faransa, Louis Pasteur, shi ya nuna a 1857 cewa ƙwayoyi masu rai ne ke haddasa wannan tsami.

Sallah Tana Zagaya Yanayi

Yis ya fi aiki tsakanin digiri 25 zuwa 35 a ma'aunin Salshiyas, kuma yakan mutu wajen digiri 60. Shekarar Hijira kuwa ta gaza ta Miladiyya da kimanin kwana 11, saboda haka Sallah takan zagaya damina, bazara da hunturu. A 2000 Ƙaramar Sallah ta faɗo sau biyu, a Janairu da Disamba, cikin sanyi. A 2024 ta zo ranar 10 ga Afrilu, lokacin da zafin rana a Kebbi kan haura digiri 40. Ƙullun da ke bukatar kwana guda a hunturu, 'yan sa'o'i sun ishe shi a bazara. Idan ya zarce haka, tsami ya rinjaya.

Ke nan a bazara sai a rage yis, a jinkirta haɗi, a ajiye ƙwaryar kusa da randa. A hunturu kuma a kwaɓa da ruwa mai ɗumi, ba tafasasshe ba, a ajiye kusa da murhu.

Amfanin Kanwa

Idan ƙullu ya riga ya yi tsami, iyaye mata kan zuba ɗan ruwan kanwa. Kanwa na ɗauke da sinadarin sodiyam kabonet, wanda ke kashe kaifin asid, kuma haɗuwarsu na fitar da ƙarin iska. Amma in ta yi yawa, masa ta canza launi ta yi bauri.

Gwaji a Aji

Sai an gwada akan san na ƙwarai. Malami ya tanadi kwalba uku, kowace da cokali ɗaya na yis da biyu na sukari. A zuba wa ta farko ruwan randa, ta biyu ruwa mai ɗumi, ta uku tafasasshen ruwa, sannan a rufe bakin kowace da balan-balan. Bayan minti 30, ɗalibai su auna kumburin kowanne da zare, su amsa:

1. Wane balan-balan ne ya fi kumbura?
2. Me ya sa na uku bai motsa ba?
3. Wace shawara ɗalibi zai ba mahaifiyarsa idan Sallah ta zo cikin bazara?